Sun shiga ɗakina da dare ba takarda: me doka ta ce?

"Malam, barka da aiki. Ni matar aure ce a nan Damagaram. Maigidana ɗan kasuwa ne, ya tafi Kano saro kaya. Ranar Talata, bayan ƙarfe 10 na dare, wasu jami'an tsaro su biyar suka buga mana ƙofa, biyu da kaki, uku da kayan gida. Suka ce ƙanen mijina suke nema a kan wani moto da aka sace wata biyu da suka wuce. Yaron ba ya nan. Suka shiga har ƙuryar ɗakina, suka ɗaga katifa, suka bubbuɗe kwanonin jerena. Sun tafi da moton da ke zaure, da wayata, da kuɗin adashi jika 120 da mata suka ba ni ajiya. Ba su nuna mini takarda ba, ba su bar mini ko ɗaya ba. Maƙwabcinmu ya ce tunda ba su zo da takardar alƙali ba, abin da suka yi ya saɓa doka. Gaskiya ne? Kuma yaya zan yi kuɗin mutane su dawo?"

Hajiya, sannu da wannan tashin hankali, Allah ya kiyaye gaba. Tambayarki ta kasu uku: shin suna da ikon shiga, shin suna da ikon ɗaukar abin da suka ɗauka, kuma wace ƙofa za ki buga yanzu. Na yi shekaru ina zama da masu irin wannan koke a aikin taimakon shari'a, kuma kusan kowa da maganar maƙwabcinki yake zuwa: "ba su zo da takarda ba." In har abin ya faru yadda kika faɗa, maƙwabcin naki ya yi daidai da ya ce akwai gyara a aikin, amma dalilin da ya kawo ba shi ne mai ƙarfi ba. In kika tafi da shi kaɗai gaban hukuma, cikin minti biyu za a rufe miki baki.

Takardar da mutane ke nema

Mu nan kunnenmu na Kano da Daura, shi ya sa muke ɗauko dokar can mu auna ta nan. A Najeriya, wadda ta gaji tsarin Ingila, ƙa'ida ita ce ɗan sanda ya je wurin alƙali ya karɓo takardar izinin binciken gida, kuma dokarsu ta 2015 ta shari'ar laifuka ta tsara yadda ake yin haka. Har ma ta ce in ɗakin na macen da ke kulle ne, a sanar da ita tukuna don ta samu ta kauce. Nijar kuwa tsarin Faransa ta gada. Dokarmu ta bin kadin laifuka, mai lamba 61-33 ta ranar 14 ga Agusta 1961, wadda aka yi wa babban gyara a 2003, ba ta rataya komai a kan takarda guda da ake nunawa a bakin ƙofa ba. Abin da take dubawa shi ne a wace hanya aka shigo, waye ya shigo, ƙarfe nawa, a gaban wa, kuma me aka rubuta.

Tushen maganar dai gida yana da alfarma. Kundin tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya faɗe ta a sashe na 27, cewa ba a keta gida, ba a bincike ko kamu a cikinsa sai yadda doka ta tsara, sashe na 29 kuma ya kare sirrin wasiƙa da sadarwa. An dakatar da wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma dakatarwar ba ta share dokokin laifuka da na bin kadinsu ba, kuma Nijar tana nan a cikin yarjejeniyar duniya kan ƴancin ɗan ƙasa da na siyasa da ta shiga a 1986, wadda sashenta na 17 ya hana kutsawa gidan mutum da sirrinsa ba bisa ƙa'ida ba. Mu kuma ba daga Turawa muka fara jin wannan ba. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Duk wanda ya tashi a Birni ko Zango ya san baƙo namiji a zaure yake tsayawa. Doka ta zo ne ta faɗi ƴan wuraren da hukuma za ta iya wuce zauren, da sharuɗɗan wucewar.

Hanyoyi uku na wuce zaure

Ta farko ita ce laifi da ɗuminsa. Ana cikin aikata laifin, ko yanzu aka gama, ko jama'a sun biyo mutum da ihun ɓarawo, ko an same shi da kayan laifin jim kaɗan bayan faruwarsa. A nan jami'i na iya shiga gidan wanda ake zargi, ko gidan wanda ake jin kayan na wurinsa, ba sai ya nemi yardar kowa ba, ba kuma sai da takardar alƙali ba. Hikimar a fili take: in an tsaya neman izini, kaya sun tsallaka Matamaye. Amma ɗumi yana da iyaka. Moton da aka sace wata biyu da suka wuce ya daɗe da hucewa, sai dai in wani sabon abu ya faru a ranar, kamar a ga yaron a kan moton a biyo shi har gida.

Ta biyu ita ce binciken share fage, wato wani ya kai ƙara komisariya ko wurin jandarma, ana tattara bayanai, maganar ba ta kai hannun alƙali mai bincike ba. Mafi yawan binciken gidajen da na gani a nan suke faɗawa, kuma a nan ne talaka ya fi ƙarfi bai sani ba. A wannan hanya ba a binciken gida sai mai wurin ya yarda, yarda ta fili, wadda za a rubuta a takardar bayanin aikin, wadda ma'aikata ke kira PV. In ya ce a'a, sai su koma su nemi hanya ta uku.

Bari in daɗe a nan kaɗan, domin nan ne ake cin mu. Tarbiyyarmu ta hana mu cewa a'a ga mai kaki. Ya yi sallama, mun amsa, ya ce "za mu ɗan duba," mun ce "bisimilla." Wannan bisimillar ta ladabi ita ce gobe za a rubuta da Faransanci a ce mai gida ya amince. Na taɓa zama da wani dattijo mai sayar da goro da aka bincike gidansa saboda ɗan ɗan'uwansa. Ya rantse mini bai yarda ba. Da muka samu ganin takardar, ga layin amincewa, ga dangwalen babban yatsansa a ƙasa, shuɗin tawadar bai ma gama fita daga gefen farcensa ba. Na tambaye shi ko an karanta masa. Ya ce an ce masa ya sa hannu ne a kan ya ga kayan da aka ɗauka. Ban manta yadda ya riƙa juya yatsan yana kallo ba. Tun daga ranar, duk wanda ya zo wurina abin da nake fara koya masa shi ne jimla guda: "Ban hana ku aikinku ba, amma ban ba da izini ba, ku rubuta haka." Ba rashin kunya a cikinta, ba kuma tsaurin ido.

Hanya ta uku ita ce ta alƙali mai bincike. In an buɗe masa fayil, yana iya zuwa da kansa tare da magatakardansa, ko ya wakilta jami'i a rubuce. Wannan wakilcin shi ne ya fi kama da takardar da maƙwabcinki ke nufi. A nan ma ba a bukatar yardarki, amma aikin ba ya wuce laifin da aka ambata a wakilcin.

A duk hanyoyin nan, ba kowane mai kaki ne ke jagorantar binciken gida ba. Aikin jami'in ƴan sandan shari'a ne, wanda ake kira OPJ, kamar kwamishinan ƴan sanda ko kwamandan birgad na jandarma da makamantansu, kuma suna aiki ne ƙarƙashin alƙali mai shigar da ƙara na gwamnati. Zuwa da kayan gida ba laifi ba ne, amma kina da damar ki ce a nuna miki katin aiki, ki tambayi sunan shugaban tawagar da ofishin da suka fito. Wannan tambaya tana kuma raba ki da ɓarayi masu shigar hukuma.

Ƙarfe 10 na dare

Wannan ita ce gaɓar da ta fi nauyi a labarinki. Doka ta hana a fara binciken gida bayan ƙarfe 9 na dare, sai gari ya waye. Ki lura da kalmar farawa: in sun shiga ƙarfe 8 da rabi, suna iya ci gaba har su gama. Amma buga ƙofa bayan 10 don neman moton sata ya fita daga ƙa'ida, ko da takardar alƙali a hannunsu. Abin da ke halatta shigar dare shi ne kira daga cikin gidan, kamar gobara ko ihun neman agaji, ko wata doka ta musamman. Dokokin yaƙi da ta'addanci da na miyagun ƙwayoyi sun sassauta wannan iyaka, haka ma dokar ta-ɓaci, irin wadda aka kafa a jihar Diffa tun Fabrairun 2015, aka kuma kai ta wasu sassan Tillaberi da Tawa a 2017. Satar moto ba ta cikin waɗannan. Sai dai in faɗa miki gaskiya, bakinki kaɗai na ji. Yana yiwuwa fayil ɗin yaron ya ƙunshi wata tuhumar da ba su gaya miki ba, kuma yana yiwuwa a takardarsu wani lokacin daban aka rubuta. Shi ya sa shaidar lokaci take da daraja: wa ya ga isowarsu, mai shagon bakin layi ya rufe ko bai rufe ba, wa kika kira a wayar maƙwabta kuma ƙarfe nawa wayar ta nuna.

Sai maganar ɗakinki. In yaron a gidan yake kwana, binciken ɗakinsa da zaure yana da fuska. Doka ta kuma yarda a duba wurin wanda ba a zargi, in akwai dalilin jin kayan laifin na can. To amma me ake nema? Moto ba ya shiga kwanon jere. Za su iya cewa takardun moton ko makullinsa suke nema, kuma alƙali zai auna wannan. A ganina, bincike da ya tashi daga neman abu sananne ya koma birkice duk abin da ido ya gani ya zarce manufarsa. Kuma ko ina aka duba, a gaban mai wurin ake dubawa. In ba ya nan ya wakilta wani, in hakan ya gagara jami'in ya kira shaidu biyu waɗanda ba yaransa ba ne. Ba daidai ba ne a tsare ki a tsakar gida wasu na cikin ɗaki su kaɗai. Laluben jikin mace kuwa, mace ƴar'uwarta ke yin sa.

Abin da aka ɗauka

Kamun kaya yana da ƙa'ida biyu. Abin ya zama yana da alaƙa da gano gaskiyar laifin, sannan a lissafa shi nan take, a rufe, a buga masa hatimi, a rubuta a takarda, wanda aka yi a gabansa ya sa hannu. Moton zaure yana da alaƙa, ba musu, in shi ake zargi. Kuɗin adashi fa? Sai an nuna dalilin zaton kuɗin sayar da kayan sata ne. Ko da an nuna, wajibi ne a ƙirga su a gabanki, a rubuta jika 120, ba "wasu kuɗi" ba. Kuɗin da ba su shiga takarda ba su ne suka fi wuyar dawowa, domin maganar takan koma bakinki da bakinsu. Ba ina cewa an ci kuɗinki ba. Na ga jami'ai masu tsoron Allah da suka kawo kuɗi cif har da canjin dala, a ƙulle cikin ɗan tsumman da aka same su. Rubutun nan yana kare irin waɗannan jami'an daga ƙazafi kamar yadda yake kare ki.

Wayar ita ta fi damuna. Masu rubuta dokar 1961 ba su san za a yi wani abu ɗan tafin hannu da zai ɗauki hotunan mace ba lulluɓi, da muryoyin da take aika wa mijinta, da lissafin bashinta, da hirar ƴan'uwanta ba. Abin da ke cikin wayar matar aure ya fi abin da ke ƙarƙashin katifarta sirri. Dokar laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta tanadi hanyar bincike da kama bayanan na'ura a cikin binciken shari'a, ga dokar 2020 da ta ba hukuma damar sauraron sadarwa saboda tsaron ƙasa, ga kuma dokar kare bayanan mutum ta 2022 da hukumar HAPDP ke kula da ita. Fahimtata ita ce buɗe waya bincike ne cikakke, sharuɗɗan binciken gida ya kamata su hau kansa. Ke ba a zarge ki da komai ba, don haka sai an faɗi abin da ake nema a wayarki, wataƙila lambar yaron ko kiran da ya yi miki, kuma in an gani babu dalilin ci gaba da riƙe ta. Haka a kan hanya: jami'i na iya tambayar katin ɗan ƙasa da takardun moto, ƴan duwan na iya duba kaya, amma wannan bai ba kowa izinin bin saƙonnin WhatsApp na matafiyi ɗaya bayan ɗaya ba. Ga gargaɗi kuma ga masu tura duk abin da ya shigo musu: tun gyaran Yunin 2024, ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ta intanet sun koma laifin da ke kai mutum gidan kaso. Saboda haka kada zafin abin nan ya sa wani naku ya hau Facebook yana kiran sunan jami'i da ɓarawo. Zai mai da ku masu amsa tuhuma alhali ku ne masu koke.

Abin da za ki yi daga gobe

Yau ɗin nan, kafin mantuwa ta shiga, ki sa a rubuta miki komai: rana, lokaci, yawansu, irin motarsu, abin da suka ce, ɗakunan da suka shiga, abin da suka ɗauka. Ki nemo littafin adashin ko duk abin da kuke lissafi da shi, ki sanar da matan gaskiyar abin da ya faru, biyu ko uku daga cikinsu su shirya faɗin nawa kowace ta zuba da ranar da ta zuba. Ki nemo kwalin wayar ko rasit ɗinta. In moton sayensa aka yi, a nemo takardar cinikin da wanda aka saya wurinsa, domin riƙe kayan sata laifi ne in mutum ya san na sata ne, kuma takardar nan ce ke nuna halin da aka saya.

Sannan ku je ofishin da suka fito, ke da maigidanki in ya dawo, ko wani babba na gidan, in da hali tare da mai unguwa. Ku nemi ganin shugaban wurin, cikin ladabi ku tambayi lambar fayil, ku tambaya ko kuɗin da wayar suna cikin jerin kayan da aka kama. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, a miƙo kayan. Kada ku ba kowa ko dala don a sako muku abinku, kuma duk abin da aka maido ku sa hannu a kan adadinsa na gaskiya. In aka ba ki takarda da Faransanci, ki ce a fassara miki da Hausa layi-layi. In abin da ke ciki ba haka ya faru ba, kina da damar ƙin sa hannu, sai a rubuta cewa kin ƙi.

In ba a dace ba, sai babbar kotun Zinder. Ku rubuta wa alƙali mai shigar da ƙara takardar neman a maido da kaya, ku haɗa da shaidunku, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In fayil ɗin ya riga ya isa hannun alƙali mai bincike, shi za a rubuta wa, kuma doka ta ba wanda ba ya cikin shari'ar damar neman kayansa. In ya ƙi, akwai kotun ɗaukaka ƙara, ita ma a nan Zinder take, ba sai kun je Yamai ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a da aka kafa da dokar 2011, wadda ke da rassa a manyan kotuna. A wannan takardar ce za ku ambaci lokacin da aka shigo. Bincike da aka yi ba bisa ƙa'idar lokaci ko ta shaidu ba ana iya neman kotu ta soke shi, kuma jami'in da ya shiga gida ba ta hanyar da doka ta tsara ba yana iya fuskantar horo a wurin aiki, har da tuhumar keta gida. Ba zan ɓoye miki ba, wannan ta ƙarshe doguwar hanya ce mai cin rai, kuma shawarar binta taku ce ke da maigidanki. Ni dai na fi son ku fara da dawo da amanar mutane.

Game da yaron, ɓuya ba za ta fisshe shi ba, za ta dai sa a sake dawo muku gida. Gara ya kai kansa da rakiyar babba, in da hali da lauya. A laifi irin wannan tsarewar bincike awa 48 ce, alƙali mai shigar da ƙara na iya ƙara wasu 48, kuma ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi.

Dokokin nan ana yi musu gyara lokaci-lokaci, kuma abin da na ba ki bayani ne na gaba ɗaya daga labarin da kika kawo. Wanda zai yanke miki magana a kan naki shi ne lauyan da ya buɗe fayil ya ga abin da aka rubuta a daren. In har suka sake dawowa kafin nan, kada kowa ya tare ƙofa ko ya riƙe rigar jami'i, domin wannan laifi ne mai zaman kansa ko da su ne ba su bi ƙa'ida ba. Ki aika yaro ya kira maƙwabta biyu da mai unguwa, ki dubi agogo ki faɗi lokacin da ƙarfi kowa ya ji, ki bi su duk ɗakin da suka shiga, kuma duk kuɗin da za a ɗauka ki ce a ƙirga a gaban mutanen nan a rubuta.